GEM YA TSAYA ANA TSAKA DA WASA: INA LAIFIN YAKE?

Da zarar an idar da sallar lisha an kulle rumfuna, duk wanda ya bi ta Agege ko Idi-Araba ko Obalende a Ikko, ko ya ratsa unguwar Sabo a Badun da Shagamu, zai tarar da samari 'yan Arewa jere a kan benci, kowa ya kwantar da wayarsa ya riƙe ta hannu bibbiyu, ya cusa abin sauraro a kunne yana ta magana shi kaɗai. Baƙo sai ya ɗauka sinima suke kallo, alhali wasa ne suke yi irin wanda ake haɗuwa ta intanet, su PUBG Mobile da Free Fire da Call of Duty da ƙwallon eFootball. Sau da yawa abokan wasan ba su ma cikin garin. Wani ƙanensa ne ke Fagge a Kano, wani abokin da suka tashi tare ne ke Funtuwa, wani kuwa ɗan unguwarsu ne da neman kuɗi ya kai Fatakwal. Ga wanda ya shekara biyu bai leƙa gida ba, wannan sa'a guda ta dare ita ce ta maye masa hirar ƙofar gida da ya baro.

To, ana cikin haka sai abin ya auku. Mutum ya danna harbi, bindiga ta ƙi tashi. Ya ruga ya ɓuya a bayan bango, sai ya ga an dawo da shi tsakiyar fili. Wani lokaci kuwa hoton kan daskare ƙam, wata 'yar ƙawanya ta yi ta juyawa, daga nan a fitar da mutum daga wasan ɗungum. Na Kano ya ce yayansa ya gudu ya bar shi a bakin daga, na Ikko ya rantse sabis ne ya ɗauke. An sha yin kwana biyu ba a gaisa ba a kan wannan. Ban da ɓacin rai akwai hasarar kuɗi, tun ba ma daga watan Janairu na 2025 ba, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta yarda kamfanonin waya su ƙara farashi har da kashi 50 cikin ɗari. Shi kuwa mai gidan gem, wanda ya zuba jarinsa a talabijin huɗu da na'urorin PlayStation, in layinsa ya yi suna da yankewa, yara sai su koma wurin maƙwabcinsa.

Abin da aka saba yi in haka ta faru shi ne a sayi ƙarin data, ko a sauya layi, ko a yi ta zagin kamfani. Sau da yawa duka ukun ba sa magani, domin ba a tsaya an gano inda ciwon yake ba. Ga shi kuwa gano shi ba ya bukatar injiniya, sai dai haƙuri da sanin hanyar da saƙon wasa ke bi.

YAWAN KAYA DABAN, SAURIN AIKE DABAN

Kamfanonin waya suna yin talla ne da yawan abin da layinsu ke iya ɗauka a daƙiƙa guda. Wannan yana da amfani ga mai kallon fim. Amma tirelar da ta ɗauko albasa daga Aliero zuwa kasuwar Mile 12 ta fi kowace mota kaya, kuma duk da haka ba wanda zai aike ta sayo wa mara lafiya magani. Wasa ɗan aike yake so mai zafin nama, wanda zai je ya dawo nan take. Kayan da yake ɗauka ba su taka kara sun karya ba: yawancin wasannin waya ba sa cin megabait 100 a sa'a guda ta wasa. Inda data ke ƙonewa shi ne wajen sauko da wasan da kuma sabunta shi, wanda kan kai gigabait da dama.

A yawancin waɗannan wasanni akwai wata babbar kwamfuta ta kamfanin, wadda ake kira uwar garke, ita ce alƙalin fili. Duk abin da ɗan wasa ya danna, wayarsa kan ƙulle shi a ɗan ƙunshi ta aika mata, ita kuma ta haɗa da na sauran 'yan wasa, ta yanke hukuncin wanda ya riga wani, ta aiko wa kowa da amsa. Ana yin haka sau da dama a cikin daƙiƙa guda. Lokacin da ƙunshin ke ɗauka ya je ya komo shi ne lambar nan da ke kusurwar fuskar wasan tare da haruffan ms, watau kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. 'Yan wasa suna kiran ta ping, sunan da wani injiniya Ba'amurke, Mike Muuss, ya sa wa ɗan shirin gwaji da ya rubuta a 1983, yana kwaikwayon ƙarar na'urar da jiragen ruwa ke laluben abin da ke ƙarƙashin teku da ita.

In lambar tana ƙasa da 50, wasa sai ya yi sumul. A wajen 100 ana iya wasa, in ta haura 200 kuwa sai dai a yi ta maneji. Lissafin mai sauƙi ne. Wasan da ke nuna hoto 60 a daƙiƙa, in jinkirin mutum 150 ne, to hoto tara ke nan suke wucewa tsakanin danna maɓallinsa da isowar amsar alƙali. Shi ya sa ake harbe mutum bayan ya riga ya shige bayan bango. A wayar wanda ya harbe shi bai shige ba tukuna, kuma uwar garke ta waiwayi wancan lokacin ta ba maharbi gaskiya. Ba sihiri ba ne, ba kuma lalle ne a ce abokin hamayya yana maguɗi ba, ko da yake masu maguɗin ma suna nan.

Sai dai fa jinkiri ba shi kaɗai ne ciwon ba, bai ma fi sauran tsanani ba. Lambar da ta tsaya cak a 120 ta fi wadda ke tsalle daga 60 zuwa 300 ta dawo, domin hannu yana sabawa da jinkirin da bai sauyawa, amma ba ya sabawa da na tsalle-tsalle. Akwai kuma ɓacewar ƙunshi a hanya. Wasa ba ya tsayawa jiran a sake aiko da ƙunshin da ya ɓata, tun da lokacinsa ya wuce. Sai wayar ta yi kirdadon inda mutum yake, in amsar gaskiya ta iso ta fizgo shi baya kamar an ɗaura masa roba.

A FARA DA ABIN DA KE HANNU

Hikimar neman laifi ita ce a fara daga kusa a nufi nesa, kuma a sauya abu ɗaya tak a kowane gwaji. Wanda ya kashe waya, ya sauya layi, ya koma bakin titi duk a lokaci guda, ko abin ya gyaru bai san me ya gyara shi ba, gobe kuma zai koma gidan jiya.

Tambaya ta farko: shin layin ne ma kuwa? In hoto yana sarƙewa amma lambar kusurwa ba ta motsa ba, to laifin wayar ne. Waya in ta yi zafi takan rage ƙarfin aikinta da kanta don kada ta lalace, kuma ba abin da ke dafa ta kamar wasa alhali tana jikin caja, a ɗakin kwano, cikin zafin Kurmi mai gumi. Maganin shi ne a cire rigar wayar, a cire caja, a rufe sauran manhajoji, a kashe tsarin tattalin batir, a kuma rage kyan hoto a cikin saitin wasan. A gwada buga wasan da ba ya bukatar intanet. In shi ma yana sarƙewa, an wanke kamfanin waya.

In kuwa lambar ce ke hawa, sai a duba ɗaki. Mai amfani da rauta, watau akwatin nan da ke raba intanet ta Wi-Fi, ya kamata ya san cewa tana magana ne a kan zango biyu, na 2.4 da na 5. Na 2.4 ya fi ratsa bango, amma hanyoyi uku kaɗai gare shi da ba sa shiga juna, watau ta 1 da ta 6 da ta 11. A gidan haya irin na Ikko mai ɗakuna goma sha biyu suna kallon juna, kowane ɗaki da akwatinsa, ga abin sauraro na Bluetooth da ke amfani da zangon nan shi ma, abin ya zama kamar mutum ashirin suna ciniki a rumfa ɗaya. Zango na 5 ya fi sarari, sai dai ba ya nisa, don haka a zauna kusa da akwatin. Mai gidan gem kuwa bai da hujjar barin na'urorinsa a kan Wi-Fi ko kaɗan. Wayar da za ta haɗa PlayStation da rauta kai tsaye tana nan a kasuwar Ikeja da Alaba, kuɗinta bai kai cinikin yini guda ba, kuma ita ce gyara mafi arha a duk wannan sha'ani.

Wanda ke da kwamfuta yana iya kama ɓarawon da idonsa. A Windows, in ya buɗe baƙin allon nan na umarni ya rubuta ping tare da adireshin rautarsa, wanda yawanci yake rubuce a ƙarƙashin akwatin, kamar 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, zai ga lambobi suna jeruwa. Ya kamata su tsaya a ƙasa da 5 ko kusa da haka. In suna tsalle tun a nan, ciwon yana cikin ɗaki. In suna nan lafiya, sai ya sake gwadawa da 8.8.8.8, adireshin wata kwamfutar Google. Tsallen da ya bayyana a wannan karon daga ƙofar gida zuwa waje yake.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne mutanen gida. Ba mai kallon fim ne ya fi cutar da ɗan wasa ba, mai aikawa ne. In uwargida tana tura bidiyon suna ga dangi ta WhatsApp, ko wata waya tana kwashe hotunanta zuwa ma'ajiyar intanet ba tare da an sani ba, ƙofar fita kan cushe, ƙunshin wasa ya shiga layi a bayan kayan, lambar ta tashi daga 90 zuwa 500 cikin ƙiftawar ido. Da an gama turawa sai ta sauko, shi ya sa ake cewa abin kamar aljani. Haka nan wutar lantarki: duk lokacin da aka ɗauke wuta aka tada janareta, rauta sai ta mutu ta sake tashi, ta ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin ta kama, wasa kuwa ya riga ya tafi. Ɗan batirin ajiya da ake saya wa rauta yana raba wannan gardama.

Daga ɗaki sai ƙarfen sabis. Sandunan da ke saman waya ƙarfin muryar ƙarfen kawai suke nunawa, ba sa faɗin mutum nawa ke rataye a jikinsa. Unguwa mai cunkoso kamar Agege ko Mushin, tsakanin magariba da sha ɗayan dare kowa yana kan waya, ƙarfe ɗaya yana hidimar jama'a masu yawa. Alamar wannan ita ce wasa ya yi kyau da asuba ya lalace da dare, kullum a lokaci ɗaya. A nan ne kaɗai sauya layi ke da ma'ana, kuma ba sunan kamfani ake bi ba, ƙarfen da ke kusa ake bi: layin da ya yi zarra a Obalende yana iya zama abin tausayi a Ojo. A ari layin maƙwabci a gwada da dare kafin a kashe kuɗi. Wayar da ke yawo tsakanin 4G da 3G kuma, gara a tsayar da ita a kan 4G a cikin saiti, domin kowace sauyawa yankewa ce. Layin 5G, wanda MTN ta fara a 2022 Airtel ta biyo baya a 2023, yana rage jinkiri tsakanin waya da ƙarfe a inda ya kai, amma ba ya taɓa sauran tafiyar.

TAFIYAR DA BA TA GAJARTUWA

Sauran tafiyar kuwa ita ce babba. Saƙo yana gudu ne a matsayin haske cikin zaren gilashi, kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa. Wannan gudu ne na ban mamaki, amma duniya ma tana da faɗi. Yawancin iyayen garke na manyan wasanni suna nesa ne, a wurare irin su Turai, ko Gabas ta Tsakiya, ko Asiya. Wayar ƙarƙashin teku ta MainOne, wadda kamfanin Funke Opeke ya fara aiki da ita a 2010, tsawonta kimanin kilomita 7,000 ne daga Ikko zuwa Fotugal. Zuwa da dawowa kilomita 14,000 ke nan, watau 70 a lambar kusurwa, tun ba a ƙara da tafiyar ƙasa zuwa London ko Frankfurt ba, ba a kuma ƙara da tsaye-tsaye a tashoshin hanya ba. Ta Glo-1 da ke zuwa Ingila ta kai kilomita 9,800. Saboda haka ɗan Ikko da ke wasa da uwar garken Turai, in ya ga wajen 100, to ya samu abin da ake samu, ba wani kuɗi da zai saukar masa da ita zuwa 20.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne na yaya da ƙane. Ɗaya yana Agege ɗaya yana Fagge, tsakaninsu wajen kilomita 1,000 a mota. Amma harbin da yayan ya yi sai ya fita teku ya je Turai, ya dawo Ikko, sa'an nan ya hau wayar ƙasa zuwa Kano kafin ƙanen ya gani. Na Kano kullum shi ne a baya, domin manyan wayoyin teku a gaɓar Kudu suke sauka, akasarinsu a Ikko, kuma wayoyin da ke haurawa Arewa suna bin gefen titi, inda katafila mai gyaran hanya ke tsinke su a kai a kai. Watau wanda ke Kurmi ya fi na gida sa'ar layi, ko da ya fi shi ƙorafi. Wasu kamfanoni, kamar Valve mai wasan Counter-Strike da Dota 2, sun ajiye uwar garke a Afirka ta Kudu, sai dai jin sunan Afirka kada ya ruɗi mutum. Daga Ikko zuwa Cape Town kusan nisa ɗaya ne da zuwa London, kuma wani kamfanin wayar sai ya kai saƙon Turai tukuna kafin ya juyo da shi kudu. A gwada kowanne a ga lamba, sa'an nan a zaɓa tare da abokan wasa, a kuma yi hattara, domin a 2020 PUBG Mobile ya taɓa kafa ƙa'idar cewa wanda ya sauya yanki sai ya jira kwana 60 kafin ya sake.

Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, cikin makon farko na azumi, jama'a sun ga ƙarshen wannan dogaro da teku. Wayoyi huɗu, WACS da ACE da MainOne da tsohuwar SAT-3, suka lalace a lokaci guda a tekun Kwaddebuwa. Bankuna suka rikice a Nijeriya da Gana da maƙwabtansu, aka karkatar da saƙonni ta wasu hanyoyi, ciki har da wayar Equiano ta Google wadda ta sauka Ikko a 2022, kuma gyaran ya ɗauki makonni. A irin wannan rana duk wanda ya kwana yana kashe rauta yana kunnawa ya wahalar da kansa ne kawai. Haka nan in uwar garken ce da kanta ta faɗi, kamar ranar Kirsimeti ta 2014 da wasu 'yan ta'adi suka durƙusar da layukan PlayStation da Xbox, ko cikin Fabrairu 2025 da na PlayStation ya yi kusan kwana guda a rufe. Gwajin a nan ba wuya: in YouTube na buɗewa, wani wasan ma yana tafiya, abokai a wasu garuruwa kuma suna kuka iri ɗaya, sai a ajiye waya a jira.

Masu hali sukan koma wa tauraron ɗan adam. Tsofaffin taurari suna can sama da nisan kusan kilomita 36,000, saƙo kuma sai ya hau ya sauka sau biyu kafin amsa ta iso, don haka lambarsu ba ta sauka ƙasa da 480, ba su da amfani ga wasa. Na Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya cikin Janairu 2023, suna yawo ne a wajen kilomita 550, jinkirinsu kaɗan ne. Amma faranti yana son sararin sama ba bishiya ba bene, kuma ruwan Kurmi in ya sauko kamar da bakin ƙwarya yakan dame shi.

Akwai wata matsala ta dabam da ta fi damun masu PlayStation da Xbox: intanet yana aiki, amma an kasa haɗuwa da wani aboki takamaimai, ko ba a jin muryarsa. Asalin wannan shi ne ƙarancin adireshi. Tsohon tsarin intanet adireshi kimanin miliyan 4,300 kaɗai gare shi, kuma babbar ma'ajiyarsu ta ƙare tun 2011, saboda haka kamfanonin waya sukan tara masu layi da yawa a bayan adireshi guda, kamar gidan haya mai lamba ɗaya da ba sunan kowa a ƙofa. Na ciki yana iya aika wasiƙa, amma baƙon da ya zo nemansa bai san ɗakin da zai ƙwanƙwasa ba. A saitin na'urar ana kiran wannan NAT. PlayStation tana nuna nau'i na 1 ko na 2 ko na 3, na ukun shi ne mai tsanani, kuma masu tsanani biyu ba sa iya haɗuwa a wasannin da na'urori ke magana da juna kai tsaye, irin na dambe tsakanin mutum biyu. Kunna UPnP a cikin rauta yakan taimaka, haka ma cire rauta ta biyu in an jera biyu. In kuwa daga kamfani ne, sai a tambaye su ko suna sayar da adireshi na mutum shi kaɗai.

Game da manhajojin da ke alkawarin saukar da lamba zuwa 10, mai karatu ya riga ya ga lissafin teku, ya san ƙarya ce. Wanda ya nemi a ba shi sunan shiga wasa da kalmar sirri don ya gyara layi kuwa, asusun yake so, da duk kayan da aka saya a ciki. VPN takan taimaka jefi-jefi in kamfani yana bin doguwar hanya, amma galibi ƙarin zango ce, wasu wasannin ma sukan rufe asusun mai amfani da ita. Sauya DNS zuwa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1, wanda ake yawan ba da shawara a kansa, yana iya magance ƙin shiga wasa, amma da an shiga fili aikinsa ya ƙare.

In an bi duk waɗannan aka tabbata laifin kamfanin layi ne, a kai ƙara da shaida a hannu: rana kaza, ƙarfe kaza, unguwa kaza, ga hoton lambobin na kwana uku ko huɗu, ga kuma na asuba don a gwama. A karɓi lambar ƙorafi daga wurinsu a adana. In an yi shiru, NCC tana da layin 622 da ake kira kyauta, kuma abin da za su fara tambaya shi ne waccan lambar. Kafin a ji daga gare su, mai rumfa a Agege da ƙanensa na Fagge suna iya mai da wasansu bayan sallar asuba ranar Lahadi, lokacin da ƙarfen unguwa ba kowa a kansa kuma wayar ta kwana ta huce.